Yadda ake gano ko mai jego ta gamsu da yadda aka karɓi haihuwarta

Ki tambayi mai jego a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, "Ya aka sauka?" Za ta ce, "Alhamdulillahi, lafiya lau", ko da tsawa aka yi ta daka mata tana kan gwiwa. Kunya ce da kawaici, balle a haihuwar fari. Wannan tambayar gaisuwa ce, ba ta auna komai.

Fara da zaɓen lokaci. Kada ki je kafin suna: ɗaki cike yake da 'yan barka, ita kuma jikinta ɗanye. Ki bari sai wajen arba'in, daidai rigakafin mako 6. Ta warware, kuma ba ta manta ba. In 'yar fari ce, ki neme ta gidan iyayenta inda take wanka.

Mai tambaya mace za ta kasance, kuma ba wadda ta karɓi haihuwar ba. Ki gaisa da maigida, amma yardar mai jegon ita ce gaba. Ku keɓe, ba uwar miji, ba kishiya. Ki tabbatar mata ba za a rubuta sunanta ba.

Sai tambayoyi, kuma nan aikin yake. Abin da ya faru za ki tambaya ɗaya bayan ɗaya. Da kika isa asibiti, an duba ki nan take ko kin daɗe a benci? An saki labule? An gaya miki kafin a ƙara ki, kafin a yi ɗinki? An zage ki? An ɗora miki jaririn a ƙirji? An bar wata 'yar'uwarki ta zauna kusa da ke? Wannan ta ƙarshen, tana cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 kan kula da mai naƙuda, kuma ni na fi jin ciwonta, domin naƙuda cikin baƙin fuskoki akwai tsoro.

In ba ta karatu, ki zube tsakuwa 5 a tabarma, ta ɗebi daidai gamsuwarta. Ɗaya: ban ji daɗi ba sam. Biyar: na gamsu ƙwarai. Hannu kan faɗi abin da baki ya ji nauyi.

Ki rufe da wannan: "Za ki kai ƙanwarki can?" In ta yi jim, ki rubuta cewa ta yi jim.

Waɗanda suka haihu a gida hannun ungozoma ma ki zauna da su, ki ji me ya hana su zuwa. Sannan ki tara amsoshin, ba suna, ki karanta su gaban kwamitin mazaɓa mai sa ido kan asibiti da shugaban asibitin a zama ɗaya.