Yadda Za Ka Shirya wa Allurar Hoton Asibiti, da Abin Yi Idan Jiki Ya Ƙi Ta

Idan likita ya tura ka ɗaukar hoton CT ko MRI, sau da yawa sai an sa maka wani ruwa ta jijiya kafin na'ura ta fara aiki. Ma'aikatan asibiti suna ce masa kwantiras. Aikinsa shi ne ya haska jijiyoyin jini da gaɓoɓin ciki, yadda ƙari ko toshewa za su fito fili. Na CT da sinadarin aidin ake haɗa shi, na MRI kuma da gadoliniyam. Akwai kuma bariyam, farin ruwa mai kauri da ake sha don hoton maƙogwaro da ciki. Yawancin mutane suna tashi lafiya lau. Waɗanda ke shan wahala kuwa, wani lokaci akwai abin da ya kamata a sani game da su tun kafin a soka allurar, amma ba a sani ba.

Mataki na farko: faɗa wa likita komai. Mutanenmu suna da kawaici a gaban likita, abin da ba a tambaya ba ba sa faɗa. A nan kawaici ba shi da amfani. Idan an taɓa yi maka irin wannan allura ka yi borin jini ko numfashi ya sarƙe, to wannan ne kan gaba, domin wanda jikinsa ya taɓa ƙi shi ne ya fi kowa haɗarin maimaitawa. Likita na iya sauya nau'in ruwan, ko ya rubuta maganin kariya da ake fara sha sa'o'i kafin hoton. Ka ambaci asma, ciwon suga, ciwon zuciya da maƙoƙo. Mai maƙoƙo aidin na iya tayar masa da ciwon bayan makonni, ya ga zuciya na bugu, yana zufa, yana rama. Mace mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa, don gadoliniyam yana ratsa mahaifa, ba a ba da shi sai dole.

Wai wanda kifi ko jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ba zai iya karɓar aidin ba, wannan tsohon zance ne da likitoci suka bari. Ka dai faɗa, amma ba ya hana hoto.

Na biyu: gwajin ƙoda. Ƙoda ce ke tace ruwan ta fitar da shi ta fitsari, saboda haka mai ciwon suga, mai hawan jini da wanda ya manyanta kada su yi wasa da wannan gwaji. A takardar sakamako akwai lamba da ake kira eGFR, mai nuna ƙarfin aikin ƙoda. Idan ta yi ƙasa da 30, likita zai sake lissafi: ko a yi ƙarin ruwa tukuna, ko a nemi wani hoton da ba ya buƙatar allura. Mai wankin ƙoda kuma a kula da gadoliniyam sosai. Tun 2006 aka gano alaƙarsa da wata cuta mai sa fata ta yi tauri, gaɓoɓi su ƙage, ga masu ciwon ƙoda mai tsanani. Sababbin nau'o'insa sun rage haɗarin ƙwarai, amma wannan hukunci ne na likita, ba na mai ɗaukar hoto shi kaɗai ba.

Ka tattara magungunan da kake sha cikin leda ka tafi da su, har da na gargajiya. Diclofenac da ibuprofen, magungunan ciwon jiki waɗanda muke saye a kemis kamar gyaɗa, suna takura ƙoda. Mai shan metformin, maganin ciwon suga, kuma, idan ƙodarsa ta yi rauni, akan ce ya dakata da shi na awa 48 bayan allurar. Kada ka dakatar da kanka, ka tambaya.

Na uku: sha ruwa. Idan an ce kada ka ci abinci na wasu sa'o'i, ka tambaya ko an yarda da ruwa, galibi an yarda. Zuwa da ƙishi a zafin Afrilu, bayan doguwar tafiya a mota, shi ne abin da ƙoda ba ta so. Idan ranar ta faɗo cikin azumi, ku tattauna da likita kan lokacin da ya fi dacewa.

Na huɗu: a kan gadon na'ura. Da ruwan aidin ya shiga, za ka ji ɗumi ya bi jiki daga maƙogwaro har mara, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ka ɗauka fitsari ya kufce maka. Bai kufce ba, cikin minti ɗaya ko biyu zai wuce. Ɗan tashin zuciya ma ba abin tsoro ba ne. Abin da ba a yi wa shiru shi ne zafi da kumburi a wurin kanula, 'yar robar da aka sa a jijiya, alamar ruwan ya fita daga jijiya yana taruwa ƙarƙashin fata. Haka nan ƙaiƙayi a duk jiki, kumburin leɓe ko fuska, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar ko jiri. Ka yi magana nan take, ma'aikatan suna jin ka ta lasifika. Asibitin da ya san aikinsa yana da allurar adiranalin a kusa saboda irin wannan.

Na biyar: kada ka yi saurin tafiya. Mummunan bori yakan zo ne cikin mintunan farko, don haka ka zauna kamar minti 30 kafin a cire kanula. A gida ka ci gaba da shan ruwa, sai dai in likita ya ƙayyade maka saboda zuciya ko ƙoda. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono, abin da ke shiga nonon bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ya sha bariyam zai ga bayan gida ya yi fari na kwana ɗaya ko biyu, yana iya yin tauri, ruwa da ganye su ne maganinsa.

Ƙuraje masu ƙaiƙayi na iya fitowa a makare, har zuwa mako guda. Idan sun bazu, ko fata ta fara saluɓewa, ko fitsari ya ragu ƙafa ta kumbura, ka koma asibiti. Kuma ka sa a rubuta maka sunan ruwan da aka yi amfani da shi a katinka, domin ka nuna shi a duk asibitin da ka je nan gaba.