Yadda Ake Zaɓen Bakin Kilarinet na Gilashi

Yawancin masu busa kilarinet, wani kayan busa na Turawa mai kama da algaita, da bakin roba mai tauri suke amfani, amma akwai waɗanda suka fi son na gilashin kiristal, saboda zafi da damshin numfashi ba sa lanƙwasa shi, kuma wanke shi ba ya da wuya. Marigayi Pete Fountain na New Orleans a Amurka da irinsa ya yi suna, kuma kamfanin Pomarico na Italiya yana cikin fitattun masu ƙera shi. Sai dai da hannu ake ƙarasa gyaran kowane ɗaya, don haka biyu masu lamba iri ɗaya kan sha bamban wajen busa, wanda ya sa bai kamata ka saya ba tare da ka gwada ba.

Da farko ka san faɗin ratar da ke tsakanin ƙarshen bakin da harshen karan da ake ɗaurawa a kansa, wadda a mafi yawan bakuna ba ta wuce milimita 1 da 'yan kai ba. Rata mai faɗi tana son harshe mai laushi, ƙunƙuntacciya kuwa tana son mai ƙarfi, saboda haka ka tanadi harsuna masu lambar ƙarfi daga 2.5 zuwa 3.5 kafin gwaji, kada ka yanke wa baki hukunci da harshen da bai dace da shi ba.

Daga nan sai ka ɗaga shi ga haske, ka bi gefunansa biyu da tsininsa da ido, sannan ka shafa da yatsa a hankali. Ɓalli ko tsaga, komai ƙanƙantarsa, ya isa ka mayar da shi, domin iska za ta riƙa zurarewa ta nan, kuma ba kowane mai gyara ne ke yarda ya taɓa gilashi ba.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne na daidaiton sauti. Ka ɗora bakin a kan kilarinet ɗinka, ka yi ta busawa har ya ɗumama, tun da gilashi yakan fara da sanyi, sannan ka kunna na'urar auna sauti a kan 440 ko 442, wato yawan girgizar sautin A a daƙiƙa ɗaya, gwargwadon abin da ƙungiyarku take bi. Ka bi sautukan ƙasa da na tsakiya da na sama, a hankali da kuma da ƙarfi. Bakin da ya yi zaƙin murya amma yake kauce wa ma'auni zai wahalar da kai duk lokacin da kuke busa tare, kuma zaƙin ba zai rama wannan ba. Ka sa wani ya saurara daga nesa, domin abin da mai busa yake ji ta haƙoransa ba shi ne ke isa ga masu sauraro ba.

Gilashi yana da santsi, don haka ka manna ɗan faci inda haƙora ke sauka, ka kuma gwada maɗaurin harshe na fata ko na zane idan na ƙarfe yana zamewa. Ya fi roba nauyi, kuma idan ya faɗi a daɓe mai tauri sai ya fashe, saboda haka ka riƙa rufe shi da murfinsa da zarar ka gama busa.