Yadda Ake Yi Idan Ka Goge Motar Wani A Wurin Fakin, Mai Ita Ba Ya Nan

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi ya san wannan ƙarar. Kana ribas a hankali, hankalinka yana kan ɗan acaɓan da ke son wucewa ta gefenka, sai ka ji "ƙwas" daga baya. Gabanka ya faɗi. Ka leƙa madubi, ka ga motar wani ce a fake, ba kowa a ciki. Nan take zuciya za ta fara raya maka cewa ai ba wanda ya gani, ka taka totur ka wuce.

Ni ma ta taɓa raya mini haka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da na fasa danjar wata Corolla na kuma lotsa mata bamba. Kafin wannan ranar kuma, an taɓa yi mini irin haka a harabar wani asibiti. Na fito daga dubiya na tarar an kwarzane mini ƙofar baya tun daga hannun ƙofa har zuwa taya, wanda ya yi ya tafi abinsa. Na san ɗacin da mutum yake ji idan ya tsaya a gaban motarsa yana waige-waige, ba shi da wanda zai tambaya. Shi ya sa nake son in shimfiɗa abin da ya kamata a yi, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: kashe mota ka fito

Kada ka matsa gaba da sunan neman wurin tsayawa mai kyau, sai dai idan ka tare hanya. Wanda ya ga ka ja mota ba zai san niyyarka ba, zai ɗauka guduwa za ka yi, kuma a wurare irin su bakin kasuwa ihu ɗaya ya isa ya tara maka jama'a. Kunna fitilar gargaɗi, ja birkin hannu, ka fito. Ka leƙa cikin motar ka tabbatar babu yaro ko tsoho a zaune, domin sau da yawa akan bar mutum a kujerar baya gilashi a rufe. Idan akwai wanda ya ji ciwo, maganar ƙarfe ta koma gefe, asibiti ne farko. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ita ce 122.

Mataki na biyu: ɗauki hoto kafin komai ya motsa

Fito da wayarka. Ɗauki motocin biyu yadda suke tsaye, daga nesa yadda wurin zai fito, sannan daga kusa. Ɗauki lambar motarsa, ɗauki inda ka taɓa, ɗauki wurin da ya gogu a taka motar, domin fentinsa yakan maƙale a jikin taka kuma shi ne shaidar tsayin inda aka haɗu. Sannan ka zagaya motar tasa gaba ɗaya da bidiyo.

Wannan zagayen yana kare ku duka biyu. Yawancin motocinmu suna da tsofaffin tabo. Idan babu hoto, gobe za a iya haɗa maka da tsohuwar lotsawar fenda wadda ba kai ka yi ba, ko kuma kai ka fara musun abin da kai ɗin ne ka yi. Sabon kwarzane yana da haske da garin fenti a bakinsa, tsoho kuwa ya yi duhu ko ya fara tsatsa. Hoto yana nuna wannan bambancin ƙarara.

Mataki na uku: nemi mai motar da gaske

A nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Mutum ya tsaya minti biyu, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce ai na jira bai zo ba. Wannan ba nema ba ne.

Fara da wanda ke kula da wurin: maigadi, yaran da ke karɓar kuɗin fakin, mai shayi ko mai kanti da ke kallon titin. Su suka fi kowa sanin wanda ya ajiye wace mota da inda ya shiga. Idan masallaci ne, ka samu ladan ko ɗan agaji a yi cigiya da lasifika: mai mota kaza, launi kaza, lamba kaza, ana nemansa a waje. Idan wurin ɗaurin aure ne ko biki, sanƙira ko mai gabatarwa zai sanar. A banki, asibiti ko ma'aikata, je wurin masu tsaron ƙofa, sukan rubuta lambobin motocin da suka shiga. A cikin unguwa kuwa, yi sallama a gidan da motar take ƙofarsa.

Ka ba abin lokaci. Rabin awa ko awa ɗaya ba ta yi yawa ba a kan dukiyar mutum. Idan kana da uzurin da ba zai jira ba, kamar mara lafiya a mota, sai ka koma ga mataki na gaba.

Mataki na huɗu: bar takarda, kuma ka bar shaida

Rubuta gajeren saƙo da hannu mai karantuwa. Ga irin abin da ya wadatar:

"Assalamu alaikum. Ni ne na goge maka bambar baya ta hagu ina ribas, yau da misalin ƙarfe biyu da rabi. Na neme ka ban same ka ba. Don Allah ka kira ni a wannan lambar, na ɗauki nauyin gyaran. Ka yi haƙuri."

Sa sunanka da lambar waya da lambar motarka. Ba sai ka sa adireshin gida ba, zamanin ya canza kuma ba ka san hannun da takardar za ta faɗa ba. Maƙala ta a ƙarƙashin waifa ta ɓangaren direba, idan damina ce ka sa ta a leda. Ɗauki hotonta a wurin da ka ajiye ta. Sannan ka ba maigadi ko mai kantin lambarka shi ma, ka karɓi tasa, saboda iska ko yara na iya ɗauke takarda. Da yamma ka kira ka ji ko mai motar ya zo.

Idan ɓarnar tana da girma kuma babu kowa a wurin da za ka bar wa saƙo, je ofishin 'yan sanda mafi kusa, sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa wanda ake kira MTD, ka sa a rubuta. Na san mutane suna tsoron wannan ƙofar, amma wanda ya kai kansa da wanda aka nemo ta lambar mota ba matsayinsu ɗaya ba.

Mataki na biyar: idan kun haɗu

Kai za ka fara magana, kuma ka fara da sallama. "Alhaji, ni ne na taɓa maka mota, ina mai ba ka haƙuri, zo ka gani." Idan mace ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, laifina ne." Ka tsaya nan. Kada ka ɗora da cewa ai shi ma fakin ɗin nasa bai yi daidai ba, ko da gaskiya ne. Mota a tsaye take, kai ne mai motsi. Idan akwai maganar yadda ya ajiye ta, za ta zo daga baya bayan rai ya kwanta, kuma sau da yawa shi da kansa zai faɗa.

Zai iya yin faɗa. Bar shi ya yi. Mutum ya fito da lissafin cefane a kansa ya tarar da sabon kashe kuɗi, dole ransa ya ɓaci. Shirunka na minti biyu ya fi bayani goma.

Yanzu ga wurin da nake son a tsaya a yi tunani sosai. Muna da wata al'ada a irin wannan wuri: jama'a su taru, kowa ya kama mai motar da "a yi haƙuri Alhaji, tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba, ai bai gudu ba." A yi ta yi har kunya ta kama shi ya ce shi ke nan, a tafi. Ya shiga mota zuciyarsa tana ƙuna, gobe ya je ya ciro kuɗin makarantar ɗansa ya kai wa mai fenti. Wanda ya yi ɓarnar kuwa ya tafi yana ganin an yafe masa. Ni ban ɗauki wannan yafiya ba. Abin da aka karɓa da kunya a gaban taro, ƙwace ne da lallami.

Don haka kada ka fake a bayan masu ba da haƙuri. Kai da bakinka ka ce musu, "Na gode, amma gyara wajibina ne." Ka ja mai motar gefe ku yi magana ku biyu. Idan bayan ka nuna a shirye kake ka biya ya ce ya yafe don Allah, ka sake tambayarsa sau ɗaya, ko ka kira shi washegari bayan ya kwana da abin. Idan ya tabbata a kan bakansa, ka karɓa ka yi masa godiya da addu'a.

Malamanmu sun yi bayanin wannan tuntuni: kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biyan abin da aka lalata na wani. A hadisin Anas da Bukhari ya ruwaito, lokacin da aka fasa akushin da ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta aiko da abinci a ciki, sai ya riƙe fasasshen ya mayar mata da lafiyayye. Akushi ne fa, a cikin gida ɗaya, amma sai da aka mayar.

Mataki na shida: maganar kuɗi da gyara

Kada ku yanke farashi a bakin titi. Ido ba ya gane tsadar ɓarna. Bambar da ake ganin ɗan lotsawa ce kawai, wataƙila maƙalanta na ciki sun karye. Madubin gefe na motocin yanzu yana da wuta da sigina a jiki, kuɗinsa ya ninka na tsofaffi sau da yawa. Ku tafi tare wurin fanel bita, ya duba ya faɗi abin da za a buga da abin da sai an canza.

Mai motar ne yake da haƙƙin zaɓar inda za a yi gyaran, domin shi zai zauna da aikin. Kai kuma kana da haƙƙin jin farashi daga wuri na biyu idan ka ga kamar an tsuga. Idan sai an sayi kaya, ku je tare ko ka tura wanda ka amince da shi, Kofar Ruwa idan a Kano kuke, Panteka idan a Kaduna. Ma'aunin shi ne a mayar masa da irin abin da yake da shi. Idan fitilarsa ta asali ce, kada ka sayo masa jabu mai dishewa bayan wata uku. Idan kuma tsohuwa ce 'yar Beljiyam, ba dole ba ne sai ka sayo sabuwa fil daga kamfani. Batun fenti ma a kula: a haɗa launin ya dace, kada a bar masa ƙofa ɗaya tana da wani haske daban da sauran jikin.

Biya ta tiransifa ya fi, ka rubuta dalilin a wurin bayani, ka ajiye rasit. Idan ba ka da kuɗin gaba ɗaya, faɗa masa gaskiya tun farko, ku tsayar da rana, ku sa mutum ɗaya ya zama shaida. Kada ka ce "gobe" alhali ka san sai ƙarshen wata. Kuma kada ka daina ɗaga waya. Wanda ya bar lamba sannan ya daina amsa kira bai bambanta da wanda ya gudu tun farko ba, sai dai ma ya ƙara wa mutum wahalar jira.

Idan motar haya ce ko ta sana'a, ka tuna kwanakin da za ta yi a gareji kwanakin cin abincin mai ita ne. Ku tattauna wannan ma.

Inshorar da ke cikin aljihun motarka

Mutane da yawa suna ɗaukar takardar inshora a matsayin abin nuna wa jami'ai a hanya kawai. Alhali irin wannan ranar aka yi ta dominta. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota a Najeriya ita ce mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ba ta gyara taka motar, ta wancan mutumin take gyarawa.

Idan ɓarnar ta wuce ƙarfin aljihunka, kira kamfaninka a ranar, kafin a taɓa motar da guduma kuma kafin ka sa hannu a kan wani adadi. Za su nemi hotuna, lasisin tuƙi, takardar ƙiyasin kuɗin gyara, wani lokaci da rahoton 'yan sanda. Ka sanar da mai motar cewa hanyar tana ɗaukar lokaci, ya zaɓa ko zai jira. Sai dai a sani, takardun bogi sun yi yawa, musamman waɗanda ake haɗawa da sabunta takardun mota ta hannun 'yan tsakiya. Tun yau ka duba taka a rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke intanet, wato NIID, da lambar motarka. Idan ba ta fito ba, takarda ce kawai kake yawo da ita.

Idan motar ba taka ba ce

Direban gida, ko wanda ya ari motar yayansa, ko yaron da ke koyon tuƙi, yana da mutum biyu da zai fuskanta. Ka kira mai motar da kake tuƙawa tun kana wurin, ka faɗa masa kafin ya ji a bakin wani. Ku kuma iyayen gida, idan direbanku ya kira ya faɗi gaskiya, kada ku sa ya yi da-na-sani, domin yadda kuka karɓe shi a ranar shi zai sa ya tsaya ko ya gudu a karo na gaba.

Idan kuma ka riga ka gudu

Wataƙila kana karanta wannan kana tuna wata mota da ka taɓa makon jiya ko bara, ka wuce. Koma wurin. Mutane sukan ajiye mota a wuri ɗaya kullum, a ƙofar shagonsu ko ofishinsu ko masallacin unguwarsu, kuma maigadin da ke wurin yakan tuna ranar da Alhaji ya fito yana faɗa. Tambayi wane ne, ka same shi, ka ce tsoro ne ya kama ka a lokacin, ka tambaye shi nawa ya kashe, ka mayar masa. Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba ka gano shi ba, ka samu fanel bita ya ƙiyasta maka kuɗin irin wannan gyaran, sannan ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ya nuna maka yadda ake fitar da haƙƙin wanda ba a san inda yake ba.