A duba kwalin maganin mura kafin a ƙara Panadol

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda sanyi ya fara shigowa, ga wata 'yar shawara.

Kwanaki ƙanwata ta kwanta da mura da ciwon kai. Na tarar da ita ta haɗiye Panadol biyu, ta bi da Procold na mura, ga kuma wani haɗi da mai kemis ya ƙulle mata a leda, ba suna ba komai. Da na juya kwalayen, duka biyun farasitamol ne a ciki. Ita a ganinta magani daban-daban ta sha.

Babba ba ya wuce ƙwaya biyu ta farasitamol mai 500mg a lokaci guda, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kuma kada a haura ƙwaya takwas a awa 24, har da wanda ke cikin maganin mura. Idan ya yi yawa hanta yake taɓawa, kuma abin tsoron shi ne ranar farko mutum yana iya jin garau.

Ibuprofen da diclofenac kuwa, su ma magungunan rage ciwo ne, a ci abinci tukuna. Mai olsa da mai ciwon ƙoda su ƙyale su, mai juna biyu ma sai da izinin likita. Asfirin ba na yaran da ba su kai shekara 16 ba ne.

Haɗin leda dai ni ba na yarda da shi. Zazzaɓi kuma idan ya ƙi sauka, a je a yi gwajin maleriya, don farasitamol zafin jikin kawai yake saukarwa.