Birkin Haibirid a Cunkoso: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Masu Prius da Camry haibirid (motoci masu aiki da fetur da lantarki) a Kaduna sun san abin: ana lallaɓawa a cunkoson Kawo, ƙafa na kan birki ba ta motsa ba, sai motar ta ɗan zame gaba, ko kuma ta cafke har fasinja ya yi sallama da gilashi. Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Birki biyu ne a motar. Idan tana gudu, injin lantarki ne ke riƙe ta yana mayar da wuta cikin babban batir. Da gudun ya sauko wajen kilomita 10 a awa, sai kwamfuta ta miƙa aikin ga birkin mai da faifai. A wurin miƙawar nan ake jin tangarɗa.

Rami da tudun rage gudu suna ƙara fito da ita. Taya na ɗan tsalle, ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) ya ɗauka santsi ne, ya yanke birkin lantarki nan take, kafin na mai ya kama an ɗan tafi. Wannan ne ya sa Toyota ta janye Prius ƙirar 2010 a watan Fabrairun shekarar, ta sabunta manhajar ABS ɗinta. Mai irinta ya sa a duba ko an yi mata. Maganin gaggawa dai ɗaya ne: a ƙara danna birkin, kada a ɗaga ƙafa ana famfo. Haka kuma idan babban batir ya cika, ko ya ɗauki zafi a ranar Afrilu, ba ya karɓar wuta sosai, sai taken birkin ya canza. A share ƙurar ragar fankarsa da ke kusa da kujerar baya.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. A fili marar mutane, a kai kilomita 40, a sa giya a N, a taka birki a hankali har ta tsaya. A N babu birkin lantarki. In har yanzu tana fizga ko ƙara, laifin na faifai ne ko fad, wato abin da ke goga faifan ya tsayar da taya. Da yake ba a cika aiki da su ba, tsatsa kan hau faifan, musamman da damina ko bayan an wanke mota an ajiye. Tsayawa biyar zuwa shida a haka na goge ta. In ba ta gogu ba, bakanike ya zare fil biyu na kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai), ya wanke, ya shafa giris ɗin birki, ba na boris ba, don na boris yana kumbura roba. Fad da ya rage milimita 3 a canza shi. Kafin a taɓa kalifa a cire kan ƙaramin batir na bolt 12, domin buɗe ƙofar direba kaɗai na iya tayar da famfon birki ya turo fistin waje.

Shi kansa ƙaramin batir ɗin a auna shi da safe kafin a kunna: ƙasa da bolt 12.2 ya yi rauni, kuma yana rikita kwamfutar birki. Tayoyi su zama girmansu ɗaya, iskarsu daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofa.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce kukan famfo a gaban mota yana ta maimaituwa alhali ba a taɓa birki ba, ko fitilun ABS da na birki su kama tare da ƙara. A sa kwamfuta. Lamba C1256 ko C1391 na nuna tulun da ke riƙe matsin mai yana zubar da ƙarfinsa, kuma a nan a ajiye motar. Wanda zai sayi tulun na hannu a Panteka ya tafi da lambar jikin tsohon, don kamanni ba ya nufin sun dace. Bayan an ɗaura, sai an fitar da iska an kuma saita bawul da kwamfuta mai manhajar Toyota irin Techstream, da man birki DOT 3 sabo daga rufaffiyar gora. Tsohon salon "taka, riƙe, saki" ba ya fitar da iskar da ta maƙale cikin wannan na'ura.