Yadda Ake Kulle Shafukan Manhajar Shago Gwargwadon Matsayin Ma'aikaci

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa da sukari da man girki a garin Garwa ya kira ni bayan la'asar, ransa a ɓace. Ni na haɗa masa manhajar shagon, ga shi kuma wani mai saye ya tsaya gabansa yana faɗa masa nawa ya saro buhu, ko sefa ɗaya bai kuskure ba. "Malam, a wayar yaron shago ya gani," in ji Alhaji. Laifin nawa ne. Na ɓoye shafin riba, amma da yaron ya danna sunan kaya daga shafin ciniki, sai ga kuɗin sari ya fito fili. Labule na rataya a inda ake buƙatar ƙofa da kwaɗo.

Zan yi bayanin da AppSheet, manhajar da ake gina manhajoji da ita, wadda Google ta saya a 2020, don da ita nake aiki, kuma tana hawa kan Google Sheets da 'yan kasuwarmu da yawa suka riga suka saba da shi.

Mataki na farko ba a kwamfuta yake ba. Ka zauna da maigida da takarda da biro, ku jera shafukan: ciniki, sito, bashi, kuɗin sari, albashi. Kan kowane ɗaya ku yi tambaya guda: in wane bai ga wannan ba, aikinsa zai tsaya? In ba zai tsaya ba, to babu ruwansa da shi. Matsayi uku ko huɗu sun isa, wato Maigida, Manaja, Mai ciniki da Mai sito. Ka ɗaura izini a kan matsayi, kada ka ɗaura a kan suna, domin yaran shago yau suna nan, gobe sun koma gida noma.

Na biyu, ka buɗe tebur mai suna Maaikata, ba tare da alamar ɗauri ko harafi mai lanƙwasa ba, don kauce wa matsala a lissafi. Ginshiƙai huɗu: Imel, Suna, Matsayi, Reshe. Sannan a sashen tsaro ka kunna "Require user signin", yadda ba mai shiga sai da imel ɗinsa. A nan ake yawan jayayya da ni. Al'adarmu ce waya ɗaya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a shago, kowa ya san lambar buɗe ta. Muddin mutum biyar na shiga da imel ɗaya, manhaja mutum ɗaya take gani, duk abin da za ka gina a sama kuwa aikin banza ne. Kowa ya samu nasa.

Na uku shi ne labulen. Kowane shafi yana da gurbi mai suna "Show if". A shafin riba ka rubuta wannan lissafin:

LOOKUP(USEREMAIL(), "Maaikata", "Imel", "Matsayi") = "Maigida"

Ma'anarsa, duba imel ɗin wanda ya shigo, nemo shi a teburin ma'aikata, in matsayinsa Maigida ne a nuna masa shafin. Yana da amfani, don yaro ba zai ruɗe da shafukan da ba nasa ba. Amma ɓoyewa kawai yake yi.

Na huɗu ne kwaɗon, kuma shi na tsallake a shagon Alhaji. AppSheet tana sauke bayanai cikin wayar mai amfani domin aiki ya ci gaba ko da intanet ya ɗauke, abin da ke yi mana rana sosai a hanyar Marwa ko Kuseri. Sai dai duk abin da ya sauka cikin waya, to yana hannun mai wayar, ko an ɓoye shafinsa ko ba a ɓoye ba. Abin da ke hana shi saukowa tun daga tushe shi ne "Security filter", wato matatar tsaro, wanda ake sa wa kowane tebur. A teburin ciniki kana iya cewa a sauke layin da reshensa ya yi daidai da reshen mai shiga, ta yadda ɗan Marwa ba zai ga cinikin Garwa ba, maigida kuma ya ga duka.

Ga inda mutane ke faɗawa rami: wannan matatar layi take tacewa, ba ta tace ginshiƙi. In kuɗin sari da kuɗin sayarwa suna zaune a tebur ɗaya, ba yadda za ka ba yaro ɗaya ka hana shi ɗayan. Dole ka raba su. Teburin Kaya ya ɗauki suna da farashin sayarwa da adadin da ya rage a sito. Kuɗin sari da sunan dilan da ake saro wa su koma wani tebur daban, ka sa masa lissafin nan na Maigida a matatarsa. Aiki ne na yini guda in manhajar ta riga ta tsufa, na sani, amma ban ga wata hanya da zan iya tsaya mata ba.

Na biyar, gani daban, taɓawa daban. A gurbin "Are updates allowed?" ka tsara wa zai ƙara, wa zai gyara, wa zai goge. Mai ciniki ya ƙara ciniki, amma kada ya iya goge na jiya. Teburin Maaikata kuwa maigida kaɗai zai taɓa, in ba haka ba yaro mai wayo zai mai da kansa Manaja cikin minti ɗaya. Kuma kada ka raba wa ma'aikata ainihin takardar Google Sheets ɗin. Wanda ya samu wannan ya shiga ta ƙofar baya, ba abin da matatar tsaro za ta yi masa.

Daga nan sai gwaji. A wurin gina manhajar akwai inda za ka sa imel ɗin wani ka ga abin da yake gani. Kada ka tsaya nan. Karɓi wayar mai sito, ka danna duk abin da ke dannuwa, ka bi sunan kaya da sunan mai bashi har ƙarshensu, ka rubuta "sari" a wurin bincike.

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a cire imel ɗinsa daga jerin masu izini da kuma teburin Maaikata, kuma a goge manhajar daga wayarsa kafin a yi sallama. A shagon Alhaji yanzu mun rubuta wannan a bangon littafin albashi, kusa da inda ake sa hannun karɓar kuɗin sallama.