Kalmasa bakin mayafin tebur ba allura ba zare

'Yan uwa, in kuna da ragowar atamfa, kada ku kai wa tela don kalmasa kawai. Ku sayi gam ɗin kalmasa wajen masu sayar da kayan ɗinki, siririn farin nan mai kama da saƙar gizo-gizo.

Ku fara wanke yadin, don in da sitati gam ba ya kamawa.

Sai ku naɗe bakin sau biyu, kamar faɗin yatsa, ku goge ya kwanta. Ku zura gam cikin naɗin, ku ɗora ƙyalle mai ɗan laima, ku danna dutsen guga kamar daƙiƙa 10. Dannawa za ku yi, ba ja ba. Zafin ne ke narkar da shi ya riƙe zaren yadin ta ciki, shi ya sa sai ya huce ake taɓawa.

Na farkon da na yi, gam ya leƙo waje ya manne a dutsen, na sha kankara. Ku tura shi ciki sosai.

A kan auduga yake aiki. Leshi da yadi mai santsi ba sa riƙe shi, nailan kuwa narkewa yake. Wanki da ruwan zafi ma yana ɗaye kusurwoyin, ni da ruwan sanyi nake wanke nawa.